Tekun da Ba Modu Ya Kawo Miki Tsaraba

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata, Mama Hannatu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina hutawa a inda kika riga mu zuwa. Mu a nan unguwarmu ta Gwange muna nan lafiya, sai godiya. Bitrus da iyalinsa suna Jos, su ma kalau suke.

Bayan haka, 'yarki Rahila ce. A fili nake rubuta wannan wasiƙa, inda duk mai waya a hannu zai iya leƙawa, kuma na san abin da za ki ce: "Rahila, zancen cikin gida ne kike shanyawa a titi?" Ki yi haƙuri, Mama. Ba ni da wata hanyar aiko miki, kuma maganar ta ƙi zama a cikina.

Na taɓa bangonki. Gara ki ji daga bakina.

Bari in faro daga farko, don kin tsani a ba ki labari daga tsakiya. Ba ki ga ruwan da ya ci Gwange ba, kin riga kin tafi, kuma wannan na cikin abubuwan da nake gode wa Allah a kansu. Da ruwan ya janye muka dawo gida, sai gyare-gyare suka shiga jikina. In na taso daga makaranta, ko allin hannuna ban gama karkaɗewa ba, sai in kama wani lungu. Yau kicin: in wanke gwangwanayen da kike zuba daddawa da kuka da barkono, in goge tsatsa, in jera su daga babba zuwa ƙarami. Gobe durowar keken ɗinkinki, inda na tarar da maɓallan rigunan da muka sa tun muna firamare. Jibi kuma buhun nan da kike tara leda, leda cikin leda cikin leda. Mama, wa kike tara wa? Na zauna a tsakar gida ina ta dariya ni kaɗai, har kajin maƙwabta suka tsaya kallona.

Ko'ina na gyara, har bayan randa. Ɗakinki ne kawai na yi wa sharar sama-sama. Na kwashe laka, na buɗe taga, na fito. Bangon da ke kan gadonki kuwa ban yarda na ɗaga ido na dube shi da kyau ba.

Masu leƙen wasiƙar nan ba su san bangon ba, don haka ki bar ni in tuna miki a gabansu. Duk wanda zai yi tafiya daga layinmu sai ya zo ya yi miki sallama, kuma tsarabarki ɗaya ce. Sauran mata su ce sabulu, su ce atamfa, su ce turare. Ke kuwa sai ki ce, "Ka shiga gidan waya ka sayo mini katin garin, mai hoto. Ba sai ka rubuta komai ba, hoton nake so." Ke da ba ki taɓa wuce Biu ba a rayuwarki, kika tara duniya a bango ɗaya. "Garuruwana," haka kike kiransu.

Baba, Allah ya jiƙansa, yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce ɗakin ya koma shagon aski. Ya Fanna maƙwabciyarmu kuwa, wadda jeren kwanukanta ya kai rufin ɗaki, in ta shigo sai ta riƙe haɓa ta ce, "Hannatu, wannan ne jerenki? Takarda? In baƙi sun zo, a ciki za ki zuba musu burabisko?" Ke kuma ki ce mata ai kwanukanta ba su taɓa kai ta Legas ba. Ku yi ta yi har la'asar, ƙafarki na kan keke, ku rabu kowa na dariya.

Da ƙaro kike manna su. Mijin Ya Fanna, Ba Modu mai wankin hula, shi ke ɗibar miki daga wanda yake jiƙawa don huluna su tsaya, ya miƙo miki ta kan katanga a murfin gwangwani. Tun daga ƙasa kika fara mannawa, daidai idon yaro, don ni da Bitrus mu gani ba sai an ɗaga mu ba. Muna girma, garuruwan na hawa sama.

Ranar Lahadi in an taso daga sujada an ci abinci, sai ki kishingiɗa ki ce, "To, yau ina za mu?" Mu yi ta gardama. Ni kullum gadar Legas, Bitrus kullum jar bas ɗin nan mai bene da wata nas ta kawo daga Ingila. Ki ƙirƙiro mana labarin garin, abin da suke ci, irin gaisuwarsu, da kuɗin mota, duk daga kanki, mu kuma mu hau mu zauna. Sai da na shiga sakandare na gane ba a cin tuwon dawa a Landan. Bitrus kuwa ya taɓa lasar Kano don ƙaron bai bushe ba, kika bi shi da mafici har zaure.

Daga baya gidan waya ya daina sayar da irin katin. Matafiya suka koma nuna miki hoto a waya. Kikan karɓa ki duba don kada ki ba su kunya, ki mayar, in sun fita ki ce, "Hoton da ba a mannawa, ina amfaninsa?"

To, Mama, ruwan ya kai ƙirjina a ɗakin. Duk na ƙasan sun tafi. Kano ta tafi, Zariya ta tafi, gadar Legas, jar bas, kasuwar Injamena da wani direba ya kawo, duk ƙuruciyarmu. Abin da ya rage sai tabo mai kusurwa huɗu inda kowanne ya taɓa zama, da layin laka da ya ratsa bangon daga wannan gefe zuwa wancan. Na saman layin ne suka tsira, waɗanda kika manna bayan mun girma, lokacin da sai kin taka kujera.

Niyyata in bar su haka har abada. Amma bangon ya sha ruwa ya ƙoshi, shafen ya fara kumbura yana zubowa. Birkilan da Bitrus ya turo ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya ce dole a kankare duka a sake shafe kafin damina, in ba haka ba bangon zai kwanta. Na kira Bitrus. Kin san ɗanki. Ya ce, "Ki ɗauke su a waya mana, ki bar mutum ya yi aikinsa. Takardu ne fa." Takardu! Shi da ya lashi Kano. Na kashe wayar ban yi masa sallama ba.

Na gwada ɓamɓaro ɗaya da wuƙa, wani na Kaduna da ke can gefe. Rabin hoton ya biyo wuƙar, rabi ya zauna a bango. Na ajiye wuƙar. Ba Kaduna ce damuwata ba, Mama, tekun nake ji.

Kin tuna shekarar da Ba Modu ya tafi aikin hajji? Ya zo sallama, kika ba shi saƙonki kamar kowa. Da ya dawo aka gama rabon dabino, sai ga shi da kansa a ƙofar gidanmu cikin farar jallabiya. Ya miƙo miki kati ya ce, "Maman Bitrus, na san in na kawo masallaci sai kin rasa inda za ki sa shi, fasto na shigowa ɗakin nan. To ga teku, shi na kowa ne." Tekun Jidda ne, shuɗi har ƙarshen katin, da fararen jiragen ruwa ƙanana a kai. Kin daɗe kina kallo kafin ki ce, "Duk wannan ruwa ne? Ba a hango tsallake?" Ya ce ba a hangowa. Kika ce, "To, Allah da girma yake."

Shi kika manna can sama a tsakiya, inda idonki ke sauka in kin kwanta. A ciwonki na ƙarshe, da magana ta fara yi miki nauyi, shi kike kallo. Ina ba ki kunu, ke kuma kina kallonsa ta saman kaina.

Ga abin da ba ki sani ba. Bayan birkila ya tafi na taka kujera na duba shi kusa, sai na ga a kusurwar dama ta ƙasa ƙaro ya bushe a kan hoton, kuma a cikinsa akwai shatin babban yatsanki, inda kika danna. Zanen duk ya fito, har da 'yar tsagar nan da allurar keke ta yi miki. Ina da hotunanki a waya, ina da zannuwanki, amma wannan hannunki ne da kanki. Na kai yatsana kusa, ban yarda na taɓa ba. Na sauko na zauna a ƙasa na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'izarki, don ranar ina fama da baƙi da tukwane.

A haka Ya Fanna ta same ni. Ta tsufa, Mama, sai da sanda, kuma tun rasuwar Ba Modu ta rame har lafaya na neman haɗiye ta. Ta dube ni, ta dubi wuƙar, ta dubi rabin Kaduna. Sai ta ce, "Fero," har yau yarinya take kirana da Kanuri, ni da furfura ta fara leƙo mini, "wa ya ce miki ana cire ƙaro da wuƙa? Ruwa yake so. Tashi ki ɗora buta."

Na ce ruwa? Ruwa kuma, a ɗakin nan? Ba zan ƙara kawo shi kusa da bangon nan ba ko na cokali ɗaya. Ta ce ita shekara da shekaru tana taya mijinta jiƙa ƙaro da sauke huluna, amma in na fi ta sani, ga hanya ta koma gida. Na tashi na ɗora butar.

Muka shigo da murhun gawayi har ɗaki. Ni ke kan kujera da buta naɗe da tsumma, ita ke ƙasa tana nuni da sanda. Tururi ya daki gefen katin, ba fuskarsa ba. A jira. In miƙa mata butar, in zura tsinken tsintsiya ta baya a hankali. In ya ƙi, a ƙara tururi. "Kada ki ja, fero! Ba kitso kike tsefewa ba." Zufa na shiga mini ido, ita kuwa ko a jikinta, sai faɗa take yi mini.

Suka riƙa saki ɗaya bayan ɗaya. Urushalima da matan zumuntar coci suka kawo miki, Abuja, Fatakwal, Kwatano. Duk wanda ya sauko sai Ya Fanna ta karɓa ta faɗi mai shi: wannan malamin asibitin nan ne da ya koma Yola lokacin tashin hankali, wannan mai ƙosan bakin layi ce da ta rasu, wannan ɗan wance ne da ya fita har yau ba labari. Ashe rabin layinmu na da yana kan bangonki, Mama, kuma yawancinsu ba sa Gwange yanzu.

Tekun muka bari ƙarshe. Na nuna mata yatsan na ce in tururi ya narkar da wurin nan, ni ma birkila ya haɗa da ni ya kankare. Ba ta yi dariya ba. Ta yago busasshen tsumma ta ce in rufe kusurwar in danne da tafin hannu, mu bi ta sauran gefen. Butar ta huce muka mayar kan wuta, ta sake hucewa muka sake mayarwa. Kusurwar ƙarshe ba ta saki ba, sai dai ta taho da ɗan ɓallin siminti a bayanta. Na ɗaga tsumman, na ga yatsanki na nan yadda yake.

Na miƙa mata katin don in sauko daga kujera. Da na sauko, ba ta miƙo mini ba.

Ta zauna a bakin gadonki ta ɗora shi a cinya tana shafa gefensa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "A aljihun gaba maigidana ya sako wannan, don kada ya lanƙwashe. Tsarabata a jaka, ta Hannatu a ƙirji. Har gori na yi masa." Sai ta ba ni labarin da ban tambaya ba. Ba Modu bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba in ban da na fasfo, kuma ruwa ya tafi da fasfon da akwatin da yake ciki. Gumaguman itacen da yake ɗora huluna a kai su suka fara tasowa suka fice ta zaure tana kallo. Carbinsa, tabarmar sallarsa, tsohon burushinsa, babu ko ɗaya. Ta ce, "Kwanukan da nake yi wa uwarki gori da su, wallahi su suka rage, sai tsatsa. Abin da hannunsa ya taɓa kuwa ban tsira da komai ba."

Sannan ta ce, "Ki bar shi ya kwana a wurina."

Mama, me zan ce? Matar da ta goya ni lokacin da ɗinkin Kirsimeti ya hana ki tashi daga keke? Bakina ya ce to, cikina kuwa yana ihu. Ta naɗe shi a gefen lafayarta ta fita, ni kuma ina bin kusurwar da ido har ta sha kwana.

Sauran na jera su tsakanin tsofaffin zannuwanki, na danne da kan keken ɗinki har suka miƙe. Birkila ya zo ya kankare ya shafe, bangon ya yi fari fat, ba za ki gane ɗakinki ba. Na hau keke zuwa Kasuwar Litinin na yanko baƙin yadi, kafinta ya haɗa mini allo mai gilashi, na shimfiɗa yadin na jera garuruwanki a kai, na riƙe kowanne da 'yan kusurwoyin takarda, ban sa ƙaro ba. A falo na rataye shi, sama da tsayin ƙofa. Kowa a Gwange yanzu sama yake rataye abinsa, har takalmi. A tsakiyar allon na bar gurbin teku, tunda gobe zai dawo.

Gobe ta zo ta wuce, makonni suka bi ta. Mu haɗu da Ya Fanna a ƙofar gida, ta tambayi makaranta, in tambayi ƙafa, ba mai ambaton kati. Ni kuwa haushi na cina. Ina tsaye gaban yara a aji sai in ji ina tsara maganar da zan gaya mata. Kwana aka ce fa. Uwata aka ba. In jikokinta suka kama shi da hannun miya fa? In aka zubar masa da shayi? Da na ba Bitrus labari ya ce, "To ki je ki karɓo mana kayanmu," kamar ba shi ya ce takardu ba ne.

Wata Asabar da hantsi na ɗaura ɗankwali na tafi, da maganata a shirye, mai ladabi amma wadda ba ta da wurin zillewa. "Wushe, wushe," ta yi mini maraba da Kanuri, ta ja ni har ɗaki.

Su ma an sake musu shafe. Jeren kwanukan nan babu shi, ta raba wa 'ya'yanta kwanukan da suka gogu. Bango fari tas, ba komai a kai sai teku. Ta manna shi, Mama. Da ƙaro! Sama da gadonta, inda idonta ke sauka in ta kwanta. Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Haba, a ina aka taɓa manna kayan aro?

Na matsa kusa don in fara maganata, sai na ga yadda aka yi aikin. Kusurwar yatsanki ba a sa mata ƙaro ba, a sake take, kuma an yanko 'yar farar leda mai tsabta an sa mata kamar hula, don ko ƙuda kada ya sauka a kai. Tsohuwar da ba ta miƙewa sai da sanda, ban san yadda ta hau gadon ta yi wannan ba, kuma ban tambaya ba.

Ta ce, "Kin zo karɓa ne?"

Na ce, "Na zo duba ƙafarki ne, Ya Fanna."

Ta yi mini irin kallon da kike yi mini in na ce na gama wanke-wanke alhali tukunya na jiƙe a bayan ɗaki. Ta ce in zauna. Ta ce kullum in ta idar da sallar safe takan gaishe ku ku biyun, shi da ke, tunda wuri ɗaya kuka bar mata hannu. Sannan ta kamo hannuna ta ce, "Ki ji, fero. Naki ne, ban ci miki ba. Ranar da aka fitar da ni daga ɗakin nan, kada ki tsaya zaman makoki, ki zo da butarki. Yarana ba su san kan ƙaro ba, da wuƙa za su bi shi. Ke kin iya yanzu."

Na sha shayin da ta sa aka kawo mini, na yi mata sannu da ƙafa, na dawo gida ba komai a hannuna.

To, Mama, abin da na yi da bangonki ke nan. Garuruwanki na sama sun tsira, suna cikin gilashi, ina goge su duk Asabar. Tekunki yana maƙwabta, katanga ɗaya ce tsakani, kuma har yanzu ban san ko na kyauta miki ba ko kyauta na yi da abin da ba nawa ba. Ina kewarki, Mama. Ina kewar yatsan nan ma, ba zan ɓoye miki ba. Wani lokaci sai in ƙirƙiri dalili, in kai mata kunu ko in ce ashana nake nema, don kawai in tsaya a ƙarƙashinsa. Ta gane, amma sai ta miƙo mini ashanar ta ja ni da hira.

Masu shigowa falo suna tambaya me ya sa tsakiyar allon ba komai, ko kafinta ne ya yi kuskuren awo. Sai in ce a'a, mai wurin yana nan kusa, zai dawo.

Ubangiji ya ba ki hutawa ta har abada, ya haɗa ki da Baba cikin salama. Ya jiƙan Ba Modu da ya yi miki zaɓen kirki. Ya tsare Gwange daga ruwa da wuta, ya kiyaye mutanen layinmu a duk inda suka watsu. Ya ƙara wa Ya Fanna lafiya da ƙarfin ƙafa. Tun ranar da na fito daga ɗakinta addu'ata ta juya, Mama. Da ina roƙon tekun ya dawo mini da wuri, yanzu kuwa roƙona Allah ya bar gurbin nan babu komai shekara da shekaru. Amin.

Taki har kullum,
'Yarki Rahila,
daga Gwange, Maiduguri.